Soket ɗin Firizar Rahamatu

A Wara cewa ake yi Illo mai gyaran wuta ya iya aiki, amma kafin ya ɗaura soket ɗaya kifinka ya ruɓe. Masu shayi kuma su ce shi kaɗai ne mutumin da ke gaisawa da wayar wuta kafin ya taɓa ta. Ni katanga ce kawai tsakaninmu, kuma ina tsakar gidansa ina ɗinkin raga ranar da suka saɓa da ɗansa Jabiru.

Soket ɗin firizar matarsa Rahamatu ne ya ƙone, ga kifin sayarwa a ciki. Illo na kan tabarma, ciwo ya cinye shi, hannunsa sai rawa. Jabiru ya zo daga Yauri da sabon soket mai ramuka a baya, irin wanda ake cusa waya kawai ta kama.

"Kada ka cusa," in ji Illo. "Lanƙwasa bakin wayar, ka naɗa ta ga sukuru ta hannun dama, ka ɗaure."

"Baba, duk Yauri haka ake yi yanzu."

"Yauri ba su kwana da innarka ɗaki guda da firiza. Danshin ruwan nan na sassauta abin, ya yi zafi."

"Kai da ko sukudireba ba ka iya riƙewa, ka bari a yi aiki mana."

Rahamatu ta daina wankin kwano. Illo ya dubi hannuwansa. Jabiru ya cusa wayoyin, ya rufe, ya tafi kama mota.

Da la'asar Illo ya kira ni.

"Umaru, zo ka ara min hannunka."

"Ni da girma na koyi rubuta sunana, ina ni ina wuta?"

"Ba rubutu za ka yi ba. Wanda ya iya ƙullin raga ya iya wannan. Cire fiyus tukuna, kada mutanen Kainji su tuna da mu su kawo wuta yau."

Na tsuguna gaban soket ɗin, na zare wayoyin da Jabiru ya cusa, Illo na faɗa ina yi. Ja nan, baƙa nan, ta ƙasa a tsakiya. Na naɗa ta hagu, ya ce in warware, sukuru zai tofar da ita in ya juya. Da na gama ya sa na ja kowace waya da ƙarfi. Babu wadda ta motsa.

"Kada ka hwaɗa ma Jabiru," ya ce. "Yaro ne mai zuciya."

Ranar Juma'a da hantsi Illo ya cika, firizar na ta gurnani a bayansa.

Bayan an watse daga zaman makoki, ina tattara tabarmi, sai na ga Jabiru ya cire fiyus ya shiga ɗakin innarsa da sukudireban ubansa. Ya kwance murfin soket ɗin, da niyyar sake aikin. Ya daɗe yana kallon wayoyin, kowacce naɗe da sukurunta.

"Baba Umaru, shi ya yi wannan?"

"Shi ya ce a yi."

Ya sa sukudireba ya gwada na farko, bai juya ba. Ya gwada na biyu. Rahamatu na tsaye bakin ƙofa da carbi a hannu.

Ya jingina goshinsa da bango, ya yi magana, amma ba da ni ba.

"Baba, ka yahe min."