Ƙararrawar Baba Ndanga

A unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere akwai wata cocin Lutaran da ba ta korar kowa. Masu dako na tasha suna zuwa, mata masu sayar da giya suna zuwa, wanda aka sako daga gidan yari jiya, yau sai ka gan shi a bencin gaba yana tafi. 'Yan ƙabilun Gbaya, Dii, Mbum, da mutanen kudu da aikin jirgi ya kawo, kowa da waƙarsa, amma ranar Jibin Ubangiji, in ana rabon gurasa da ruwan inabi, ƙoƙo ɗaya ake sha. Waɗansu a gari suna ce wa cocin juji. Su ko a jikinsu.

Ƙararrawarsu tsohon rim ne na tayar tirela, rataye da sarƙa a jikin mangwaro. Filemon Sodea mai walda shi ya rataye shi, shi ke buga shi shekara goma sha shida. Bugun Lahadi da sauri ake yinsa. Bugun mutuwa kuwa ɗaya-ɗaya ne, kowace shekara ta mamaci bugu guda, sai ƙarar ta mutu a sake. Duk unguwa ƙirgawa ake yi. In an tsaya a uku, mata su ɗora hannu a ka. In an wuce saba'in, a ce wannan ya ci zamaninsa, a ci gaba da daka.

Wata Lahadi cikin damina, Odil mai sayar da giya a bakin tasha ta shigo riƙe da hannun wani tsoho makaho. Ta ce ubanta ne, ta ɗauko shi daga Meiganga don babu mai dafa masa. Sodea bai gane fuskar ba, duk ta motse. Sai da aka ɗauki waƙa da harshen Gbaya tsohon ya buɗe baki. Muryar ba ta tsufa ba. Baba Ndanga ne, malamin cocinsu na Meiganga, garin da Sodea ya tashi.

Uwar Sodea, Lidiya, burkutu take dafawa. Miji ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar, tukwanen nan su suka ciyar da su. Ndanga ya sa ta a horo: bencin baya kusa da ƙofa, ba Jibi, ba zumuntar mata. Shekara shida tana zaune a wurin, ba ta fasa zuwa ba. Da ta mutu Sodea yana da shekara goma sha tara. Ya je ya durƙusa a ƙofar Ndanga ya roƙi a buga mata ƙararrawa. Ndanga yana cin tuwon rogo, ko hannu bai ɗaga daga kwanon ba, ya ce wanda ya mutu cikin horo ba a buga masa. Sodea ya ruga coci zai buga da kansa. Ndanga ya sa aka ƙwace sandar ƙarfen da ake bugun da ita, ya kulle ta a ɗakinsa. Aka binne Lidiya shiru, maƙwabta ma waɗansu sai washegari suka ji.

Da aka tashi sujada aka zauna gindin mangwaro ana shan kunu da makala, wato fanken garin, Sodea ya ja kujera ya zauna gaban tsohon.

"Baba Malam, ka gane muryata?"

"Ɗana, muryoyi sun yi mini yawa. Ɗan wane ne?"

"Ɗan Lidiya. Ta bayan kasuwa."

Tsohon ya tauna makalarsa da dasashi, ya haɗiye. "Lidiya mai burkutu. Allah sarki. Ga murya. Daga can baya ma ana jin waƙarta."

"Daga can baya."

"Doka ce a lokacin, ɗana. Ba ni na rubuta ta ba."

"Kai ka kulle ƙarfen."

"To ai ni aka ba mabuɗi." Ya miƙa kofi sama. "Odil, ƙaro mini kunu."

Odil ta zo da buta. "Yaya Sodea, ashe kun san juna."

"Sani na ƙwarai, ƙanwata. Giyar nan taki fa, Baba ya sa mata albarka?"

"Ita ke saya masa maganin ƙafa. Kai ma in ka zo ka sha, zan sa maka albarkar da kaina."

Aka yi dariya. Sodea ma ya buɗe haƙora.

Ranar Litinin ya sami Mama Pasto Salome tana wankin mayafin bagade a bayan coci. Mutuniyar Dii ce, gajeriya, da can ungozoma ce a asibiti, ba abin da ke firgita ta.

"Mama Pasto, a dawo da bencin baya. Guda ɗaya tak. Ni zan yi waldarsa kyauta."

"Wa za mu zaunar a kai?"

"Akwai mai shi."

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ya gama, ta matse mayafin.

"An cuci uwarka," ta ce. "Ba zan shafa maka mai a baki ba, an cuce ta. Amma Sodea, ranar da ka fara shigowa nan da kwalba a aljihu kana tangaɗi, wa ya tare ka a ƙofa?"

"Ni ban hana kowa ƙararrawa ba."

"Tebur ɗin Jibin nan ba nawa ba ne. Mai shi ya ce a zo, ni rabo kawai nake yi. Ba ni da bakin ce wa baƙonsa tashi."

"To ƙarfen nawa ne."

"Na ikkilisiya ne. Hannun ne naka. Kama mini nan mu shanya."

Ya kama mata suka shanya. Bai sake tayar da zancen ba.

Tun daga ranar Sodea ya zama mai kula da Baba Ndanga. Duk Lahadi sai ya tambayi Odil jikin Baba, ya ci abinci, tarin ya ragu? Da tsohon ya kwanta ciwo a rani, Sodea ya je dubiya sau uku. Matan zumunta suka riƙa misali da shi, suna cewa ku dubi Sodea, fuska kamar ƙusa, zuciya kamar auduga. Shi kuwa dubawa yake ya ga kwana nawa ya rage wa tsohon. Ya sake wa rim ɗin sarƙa sabuwa, ya goge tsatsa, ya daina barin sandar a gindin mangwaro, ya koma ajiye ta a shagonsa. Ranar Jibi yana tsaye a layi yana kallon Mama Pasto tana kai ƙoƙo bakin Ndanga, sannan ƙoƙon ya iso bakinsa. Sai ya juya shi ya sha ta ɗaya gefen.

Tsohon ya ƙi mutuwa har shekara biyu.

Wata Talata da hantsi Odil ta zo shagon, ɗankwali a hannu, ido jajur.

"Yaya, Baba ya tafi. Da asuba, ina dama masa kunu."

Sodea ya kashe injin walda, ya cire gilashin fuska. "Shekara nawa?"

"Saba'in da takwas. Yana cikin takardar baftismarsa."

"Je ki, ina zuwa."

Ya wanke hannu da sabulu, abin da ba ya yi sai Lahadi. Ya sa farar riga. Ya ɗauki sandar ya tafi gindin mangwaro, ya gyara tsayuwa.

Bugun farko har tasha an ji shi. Ya jira ƙarar ta mutu, ya sake. Bai taɓa bugu mai tsabta irin na ranar ba. Masu tuyar makala suka tsaya da matsami a hannu, 'yan acaɓa suka rage mai, kowa yana ƙirgawa a baki. Goma. Ashirin. Zufa ta jiƙa farar rigar. Talatin. Yana jin warin tukwanen nan da hayaƙin bayan kasuwa, yana ganin bayan mutanen da uwarsa ta kalla shekara shida. Arba'in. Arba'in da ɗaya.

Ya sauke sandar.

Unguwa tana jiran na gaba. Bai zo ba. Can sai ga wata mata da gudu ba takalmi, mijinta mai gyaran layin dogo shekararsa arba'in da ɗaya, kwana biyu yana daji. Sai da aka riƙe ta aka rantse mata ba shi ba ne. Mutane suka taru, ana tambayar wane ne. Odil ta kutso, Mama Pasto na bayanta.

"Yaya, hannunka ya gaji ne? Saura talatin da bakwai."

"Na gama."

"Saba'in da takwas na ce maka."

"Na ji ki. Wannan ba na ubanki ba ne." Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Na Lidiya ne, matar Meiganga, uwata. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a duniya. Ndanga ya hana a buga mata don tana dafa burkutu. Shekara talatin da biyar ke nan. Yau an buga."

Odil ta dube shi tun daga takalmi har kai. "Dubiyar nan da kake zuwa, ashe gadi kake yi."

"Gadi nake."

"Ni na yi maka laifi? Ni ma giya nake sayarwa. Shekara goma bai amsa gaisuwata ba, sai da ido ya tafi ya tuna yana da 'ya. Na yi jinyarsa, na kwashe kashinsa. Ƙararrawar nan ba shi zai ji ba, Sodea. Ni ce zan ji."

Wannan ta taɓa shi, amma bai bari ta shiga ba.

Mama Pasto ta matso. "An ji na Lidiya. Da ka tambaye ni, da tuni mun buga mata, da rana tsaka, da waƙa. Ranar Lahadi zan kira sunanta a bagade. Yanzu ka buga wa Ndanga."

"Ba zan buga ba."

"A nan kowa ana buga masa. Ɓarawo ma mun buga masa bara, da hannunka."

"Ɓarawon bai san uwata ba."

"To ba ni sandar."

Sodea ya saɓa sandar a kafaɗa, ya ratsa taron. Ba wanda ya tare shi. A cocin nan ba su iya tare mutum ba, ko mai shigowa ko mai fita.

Shagonsa bai fi taku ɗari daga mangwaron ba. Yana shiga ya ji an fara. Wani direba ya ba da hannun jak ɗin motarsa, Odil ta karɓa, ta soma daga ɗaya. Ba ta san inda ake bugu ba, tsakiya take duka, ƙarar kamar an jefar da tukunya. Amma ana jinta, kuma mutane suna ƙirga mata da ƙarfi. Biyar. Shida.

Sodea ya jawo wata gangar ƙarfe da aka kawo masa liƙi, ya kafa ta a ƙofar shago. Odil ta buga, ya ba ganga ɗaya. Ta sake, ya ba ta biyu. Wani lokaci ya riga ta, wani lokaci ya bari sai ƙarar tata ta kusa mutuwa ya ɗora tasa. Na gindin mangwaro suna ganin hannunta, ƙirgarsu ba ta ɓata ba. Amma sauran unguwa, daga tasha har kasuwar kifi, lissafi ya kwance musu tun kafin ashirin. Ya yi ta duka har gangar ta lotse, kafaɗarsa ta ƙage. Da Odil ta kai ƙarshe ta tsaya, ya ƙara guda tara shi kaɗai.

Da yamma aka kai Ndanga. Mama Pasto ta yi masa sujada cikakkiya, da waƙar Gbaya. Sodea bai je ba, yana shago yana gyara gangar mutane da ya lotsa da guduma.

Ranar Lahadi dattawa suka ba Odil aikin ƙararrawa, da hannun jak ɗin, don direban ya ce ta riƙe. Sodea ya zo, ya zauna inda ya saba. Aka kira sunan Lidiya, aka kira na Ndanga a numfashi ɗaya, ya ce amin ga na farko ya rufe baki. Har yau in ka tambayi shekarun Baba Ndanga a bakin tasha, wani ya ce arba'in da ɗaya, wani ya ce ya haura ɗari da hamsin. In Sodea yana kusa, ba ya gyara musu.