Wankan Malam Buba

"Ba zan tashi ba, Baba."

Khairiyya tana durƙushe a bakin zaure ta tare hanya, makullin ƙofa ƙulle a haɓar zanenta. Mahaifinta, Malam Zailani, yana tsaye a kanta dafe da sanda, ba takalmi, don kumburarrun ƙafafunsa sun ƙi shiga. A bayan katanga, gidan maƙwabcinsu Malam Buba, kukan mata bai daɗe da tashi ba. Da hantsi ne, cikin azumin shekarar da korona ta shigo Kano.

"Na ce ki tashi."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Sai dai ka tsallake ni."

Su duka biyun sun san ba zai iya ɗaga ƙafar ba.

Tun kafin a haife ta mutanen nan biyu suke cin tuwo kwano ɗaya a ƙofar gida. Da ciwon suga ya kama Malam Zailani, Malam Buba ne yake shanye masa kunun da aka sa wa sukari, yana cewa taimakon ɗan'uwa yake yi. Kuma kowa a layinsu na Yako ya san alkawarinsu: wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai wanke shi.

Kwanakin baya Malam Buba ya kai albasa birni, ya dawo da zazzaɓi da wani busasshen tari. Khairiyya tana gida, an rufe makarantarsu ta koyon aikin lafiya. Ta san jikin da suga ya ci, ƙoda kuma ta gaji, ba shi da abin da zai kare kansa da shi in cutar ta sauka a huhu. Ran nan ta kulle zaure.

"To, Malama Likita," in ji yayanta Hafizu. "Cutar masu hawa jirgi ce fa. Baffa Buba ko filin jirgi bai sani ba."

"Yaya, ita cutar ta san tashar mota."

Sai hira ta koma ta kan katanga. Kullum bayan la'asar Malam Buba zai ɗaga murya daga shimfiɗarsa.

"Zailani! Har yanzu 'yar taka ba ta ba da belinka ba?"

"Ɗaurin rai da rai ne, Buba."

Dariya ta tashi, ta rikiɗe ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Bayan 'yan kwanaki maganar ta ɗauke, sai numfashi kawai ake jiyowa, kamar ana jan buhu a ƙasa. Duk da haka Malam Zailani bai fasa ba. Yakan zauna gindin katanga ya yi tambaya, ya saurara, ya gyaɗa kai, har ya yi murmushi. Layin ya yi tsit, ba tallar yara, ba ƙarar acaɓa. In ka ji sawun mutane da yawa ba magana, makara ce take wucewa.

Yanzu ga shi ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Muryar Inna Balaraba ce, matar mamacin, wadda bai kamata ma ta fito ba.

"Malam Zailani, an sauke ruwa. Kai yake jira."



"Inna, ki yi haƙuri," in ji Khairiyya, ba ta juya ba. "In Baba ya shiga ɗakin nan, gawa biyu za a fitar daga layin nan. Wanda zai yi wankan ya rufe hanci da baki, ya sa leda a hannu."

"Ba da ke nake ba, 'yar nan. Ni na yanke miki cibiya."

"Na sani, Inna."

Hafizu ya taso zai fizge makullin. Mahaifin ya ɗaga masa hannu.

"Ƙyale ta."

Ya daɗe yana kallon tsakar kanta. Sannan ya juya, yana jan ƙafa, ya koma gindin katanga ya zauna. Sawun Inna Balaraba ya yi nisa.

Can aka fara jin zubar ruwa a ɗaya gidan, kaɗan kaɗan, daga buta. Malam Zailani ya naɗe hannun riga. Ya yi bisimilla. Ya miƙa hannuwansa a kan tabarmar da ba kowa, ya fara daga dama, yana shafawa a hankali, daga kafaɗa zuwa yatsu. In ruwan ya tsaya ya tsaya, in ya zubo ya ci gaba. Da ya zo juyawa sai ya sunkuya, ya tallafi kan da ba ya nan da tafin hannunsa.

"Sannu, Buba," in ji shi. "Sannu. Saura kaɗan."

Ƙanshin kafur ya haura katanga. Khairiyya tana durƙushe inda take, ba ta tashi ba sai da sawun masu makara ya ɓace.

Ba a taɓa yi wa Malam Buba gwajin korona ba, don haka babu wanda zai zo ya ce mata ta yi daidai, ita ma ba ta nema ba. Cutar ba ta shiga gidansu ba. Malam Zailani ya ga sallah, ya ga damina, ya ga kaka.

Amma Inna Balaraba ba ta ƙara amsa gaisuwarta ba, mahaifinta kuma bai ƙara kiran sunanta ba. In yana son abu, sai ya ce a faɗa wa yarinyar nan. Kullum da safe takan durƙusa ta zuba masa ƙwayoyin maganinsa a tafin hannu. Ya dunƙule hannun, idonsa na ƙasa, ya jira ta fita kafin ya sha.