Benen da Ya Ɓatar Mini da Dutse

Gadon da ubana ya bar mini dutse ne, shi ma a ƙarƙashin teku. Wasu gida aka bar musu. Amma a jikin dutsen nan kifin korbina ke taruwa, kuma da shi na ciyar da iyali har na ajiye wannan tumbin.

Mu masuntan unguwar Boka la Kaha da ido muke riƙe wurin kamu. Ka fita da kwale-kwale, ka juyo ka dubi birnin Panama. Idan tutar kan tudun Ankon ta hau kan hasumiyar coci, kana kan layin farko. Idan tankin ruwan unguwarmu ya rufe bututun hayaƙin tsohon kamfanin ƙanƙara, kana kan na biyu. Inda suka haɗu, nan dutsen yake.

Ina gani aka fara ginin benen da ya fi duk na birnin tsawo, ina kuma ganin inda ya dosa. Ni da ɗakin bayan gidana ya gagare ni rufi, na yanke hukuncin ba za su iya gamawa ba. Sai gwiwa ta kwantar da ni damina guda. Ran da na koma teku da Rigoberto, ƙanin matata, babu tuta babu coci, sai gilashi har cikin gajimare.

"Yaya Nikanor, ina tutar taka?"

"Tana bayan wancan."

"To mu jira ya matsa," in ji Rigo, ya ɓare ayaba.

Muka saki ƙugiya a inda zuciyata ta ba ni. Ashe zuciyata ba ta san teku ba. Da muka dawo gida da bokiti fayau, Eneida matata ta zuba mini shinkafa da kwakwa, ba kifi, ta zauna tana kallona.

"Benen na neman mai buɗe ƙofa. Ka sayar da kwale-kwalen. Har hula suke bayarwa."

"Kaina ba ya karɓar hula."

"To cikinka ya koyi karɓar shinkafa zalla."

Na lissafa abin da ya rage mini: layi ɗaya. Ƙasan tekun wajen duk laka ce, dutsen kaɗai ke da tauri. Na samo tsohon ƙarfen birkin mota, na ɗaura masa igiya, na ce wa Rigo ya riƙe tankin a kan bututun, ya tafi a hankali. Ni kuma na zauna a baya, igiya a hannu, ina jan ƙarfe a laka kamar mai jan akuyar da ta ƙi kasuwa.

Haka muka yi ta yi, man inji na ƙonewa. Muka kamo taya. Muka kamo firji mara ƙofa. Sauran masunta in sun wuce sai su tambaya ko noma muka koma.

"Yaya, hular nan fa an ce da zare mai ruwan gwal," in ji Rigo.

"Dubi tankinka, ka karkace."

Tafin hannuna ya yi kanta, kantar ta fashe, na naɗe shi da tsumma. Wata safiya, ruwa na janyewa, igiyar ta yi wata rawa da ba irin ta taya ba. Ƙar, ƙar, ƙarfe na tuntuɓe a kan abu mai tauri.

"Kashe injin."

Na kwanta, na manna kunne a katakon ƙasan jirgin, ɗuwawu a sama, a gaban birnin gaba ɗaya. Can ƙasa na ji kifaye suna gurnani irin na korbina, kamar tsofaffi masu ƙorafi.

"Sun gaishe ka?" in ji Rigo.

"Sun tambayi ko har yanzu da kai nake yawo. Saki anga, sannan ka juya ka kalli teku."

"Ni da na tuƙa ka?"

"Kai da kwalbar giya biyu ke buɗe wa baki. Juya."

Ya juya yana gunaguni. Na miƙe da gwiwata mai ciwo na nemi sabuwar alama. Gefen hagu na babban benen ya zauna daidai kan tsinin wani ƙarami mai koren gilashi. Shi na zaɓa, don kafin a gina wanda zai tare shi za a sha wuya. Na zuba masa ido, rana na dukan gilashin, har hawaye suka zubo mini, ban ƙifta ba sai da na tabbata ya zauna a kaina.