Wanda Ke Cika Buhun Kaka Santa

Shekara talatin da ɗaya ke nan mijina, Dattijo Pyo, yake zama Kaka Santa a cocin ƙauyenmu, wato tsohon da yara suka yarda shi ke kawo musu kyauta ran Kirsimeti. Aikinsa bai wuce ya sa jar riga, ya manna gemun auduga, ya yi dariya kamar wanda ya ƙoshi ba. Rigar ni na ɗinka. Gemun daga cikin tsohuwar katifata na yago shi. Safa da busasshiyar kanya da wainar shinkafa da ke cikin buhun kuwa, duk daga hannun nan nawa suka fito. Tun ana girbi nake fara saƙa. Ranar Lahadi sai in tsaya a ƙofar coci inda yara ke tuɓe takalma, in auna takalmin kowa da tafin hannuna.

Sai ga shi bana Fasto Ha ya kira tsohon nan gaban jama'a, ya miƙa masa allon yabo mai walƙiya. Ban yi makaranta ba, amma na zauna ajin yaƙi da jahilci, na san sunana, Mun Okbun, in na gan shi. Na juya allon gaba da baya. Babu.

Da muka koma gida ya ce, "Uwar Dongsu, ina za mu rataye shi?"

Na ce, "A wuyanka. Kai tsoho, safa nawa ka taɓa saƙawa?"

"Ai ɗaukar buhun ma aiki ne."

"Jaki ma yana ɗauka, wa ya ba shi allo?"

Washegari na sami Fasto a ofishinsa. Ya zuba min shayi, ya ce, "Mama, ladanki yana sama."

"Nasa kuma yana bangon ɗakina? A sa sunana, magana ta ƙare."

Ya sosa ƙeya. Wai yaran sun iya karatu, in aka rubuta an yaba wa wance da saƙa safar Kaka Santa, asiri ya tonu. Allon mijina ma wai "hidima ga yara" kawai aka rubuta. Na ce to shi ke nan, ran Kirsimeti da bakina zan gaya musu, kowa ya huta.

Ranar ta zo. Bayan sujada tsohon ya shigo da buhu yana tangaɗi, gemu ya karkace. Aka raba kaya, ana ta "Mun gode, Kaka Santa!" Ni kuwa na dafa gwiwa na miƙe. Fasto ya rufe ido kamar mai addu'a.

Ban buɗe baki ba sai ga Seri, jikar mai sayar da kifi, 'yar shekara shida, ta taho da ɗingishinta. Ƙafarta ta hagu ta fi ta dama ƙanƙanta, takalmanta ma ba ɗaya ba ne. Ta riga ta sa safar, ta ɗaga min ƙafa.

"Kaka, duba! Ɗaya babba, ɗaya ƙarama, kuma duk sun yi min daidai. Yaya aka yi Kaka Santa ya sani?"

Na kalli yarinyar, na kalli tsohon, gumi na bin audugarsa. Maganar da na kwana bakwai ina wasawa, sai na nemi in haɗiye ta. Amma ban iya haɗiye ta duka ba.

"Shi?" na ce. "Wannan ko safarsa bai san inda take ba. Matarsa ce ta sani."

Yara suka yo caa. "Yana da mata?"

"Wa kuke zato ke ɗinka masa riga? Ita ke saƙa, ita ke shanya kanya, shi kuwa dariya kawai ya iya."

Seri ta je ta ja masa hannun riga. "Kaka Santa, da gaske ne?"

Ya dube ni ta saman gemu. Na riƙe ƙugu.

"Gaskiya ne," in ji shi, murya can ƙasa.

"Ba su ji ba," na ce.

"Gaskiya ne! Ita ke yin komai!"

"To me ya sa ba ka zo da ita ba?"

"Tana da faɗa," in ji shi. Matan coci suka fashe da dariya, har da matar Fasto, wadda nake ganin girmanta.

Maganar allo ban janye ba, na sake kai ta gaban dattawa, sun ce za su zauna. Sai dai Lahadin da ta wuce Fasto ya kawo min wasiƙu goma sha huɗu, duk an rubuta "Zuwa ga Matar Kaka Santa". Kwana uku na yi ina haɗa baƙaƙen. Ba mai son kanya ashe, duk shekarun nan. Wani safar hannu yake so, wata kuma wai riga mai hula, shuɗiya, kada a yi ja.

Riga mai hula! Na sayo zaren jiya. Tsohon na zaune gabana yanzu, hannu biyu a miƙe, ina naɗe zare daga kansu. Ya ce kafaɗarsa ta gaji. Na ce saura ƙulli shida.