Tafiyar Nevena

Aikinmu a kamfanin nan na birnin Plovdiv shi ne mu sa zane ya yi motsi. Wasu ke zana mutum, su turo mana shi a sandare, mu kuma mu koya masa tafiya da gudu da faɗuwa. Duk na wasannin kwamfuta ne na wani kamfanin ƙasar waje, mutanen da ban taɓa ganin komai nasu ba sai fuskokinsu a allo. Ni Rumyana nake shugabancin sashen, ba don na fi kowa iyawa ba, don na fi kowa baki ne.

Wanda ya fi kowa iyawa Blagoy ne. Ka ba shi doki ya ba ka doki, ka ba shi tsoho mai ciwon baya, kai ma sai ka ji bayanka ya amsa. Shiru-shiru ne, irin mutanen da ke ƙona min rai, ka yi musu faɗa su tsaya suna kallonka. Matarsa Nevena kuwa ƙawata ce tun muna 'yan mata, ni ma na haɗa su. Bara waccan ɓarin jikinta ya shanye tana tsakiyar shanya a baranda. Bakin ya dawo, hannu ɗaya ya dawo, ƙafafun suka ƙi. Tun lokacin tana kan keken guragu.

A wasan da muke yi akwai wata kasuwa, akwai kuma wata mata can baya da take ratsa gada da kwando a hannu. Ba ta magana, ba a kashe ta, ba ta kashe kowa. Aikin yini guda ne. Blagoy ya shafe hunturu cur a kanta, yana gama sauran aikinsa ya koma mata. Na gaji na je na tsaya a kansa.

"Kai Blagoy, auren matar nan za ka yi ne? Sakar mana ita haka."

Sai kawai ya danna, ta soma tafiya. Sai na ji tsigar jikina ta tashi. Ƙafar hagu tana ɗan fita waje kafin ta sauka, kafaɗar dama ta ɗan nutsa, kai ya karkata kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Nevena ce. Fuskar ba tata ba ce, kayan ba nata ba ne, amma ko a cikin taron dubu na hango tafiyar nan daga baya zan ƙwala mata kira.

"Bidiyonta ka samu?"

"Babu bidiyo, Yaya. Na duba ko'ina. Hotuna ne kawai, a tsaye ko a zaune. Wa yake ɗaukar matarsa tana tafiya kasuwa?" Ya taɓa goshinsa. "Daga nan na ciro ta. Kuma kin san wani abu? Yanzu in na rufe ido ba na ganin tafiyarta ta da, sai wannan. Kamar na kwashe ta ne gaba ɗaya na zuba a nan."

Na ce masa mahaukaci ne, na shige banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Muka tura aikin. Da bazara ta shigo sai mai duba aikinsu ya kira, wani matashi mai fara'ar da ba ta da dalili. Ya yaba doki, ya yaba tsoho, sannan ya ce matar gada tana da matsala, ƙafarta ta hagu ta lalace, a gyara kafin Litinin.

"Ba lalacewa ba ce," na ce masa. "Haka take tafiya."

"Masu gwajin wasan sun ce kuskure ne."

"Masu gwajin naku ba su da iyaye mata ne? Kowa a garinku da ma'auni yake taku?"

Ya yi dariya, ya ce yana son yadda nake kishin aikina. Kai, da a gabana yake da ya sha kofin kofi a fuska. Na sauko na roƙe shi: to mu yi musu wata sabuwa, su bar wa mai zanen wannan ya tafi da ita gida. Ya ce ya so a ce zai iya, amma duk abin da aka yi a kan na'urorin nan nasu ne, ko ƙyalle ba ya fita. Da gaskiyarsa, mun sa hannu. Kwamfutocin a toshe suke, wayoyinmu ma a akwatin bakin ƙofa muke zuba su kullum da safe.

Sai dai makullin akwatin a jakata yake kwana.

Na samu Blagoy a matakala yana cin banitsa, burodin nan mai cuku, duk ta yi sanyi. Na ce, "Ranar Asabar ba kowa. Ka shigo da wayarka ka ɗauki allon, ta gaba da ta baya da ta gefe. In an kama mu, ni aka kama. Kuma ka kawo ta."

"Wa?"

"Kakarka! Nevena mana. Mace ta yi shekara biyu ba ta taka ƙasa ba, kana da tafiyarta a ajiye, ka ɓoye mata?"

"Ban gaya mata ba, Yaya. Ban san yadda za ta ɗauka ba."

"Ni na san ta kafin ka san ta. Kawo ta."

Gininmu tsohon rumbun taba ne, hawa na uku muke, ba na'urar hawa. Na kira Tsvetan, ƙaton da ke mana zanen duwatsu da bishiyoyi, shi da Blagoy suka ɗauko ta da kekenta, ni ina gaba ina ba da umarnin da ba wanda ya nema. Nevena ta sha jan baki, ta ɗaura gyalenta mai ruwan goro, tana ta tsiya.

"Tsvetan, a hankali, ba buhun dankali ba ne. Rumi, ke har yanzu ba ki daina ihu ba? Shi ya sa mijinki ya kurumce."

"Da gangan ya kurumce, munafuki."

Muka ajiye ta gaban babban allo. Tsvetan ya ce zai sauka shan taba, ya yi hankali. Blagoy ya riga ya ɗauki abin da zai ɗauka a wayarsa tun da safe. Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar. Ya ce, "Nevena, akwai wadda nake so ki gani." Ya danna.

Matar ta hau gada da kwandonta. Ta kai ƙarshe, ta sake farowa. Nevena ta kalla sau ɗaya, sau biyu, tana murmushi irin na wanda aka nuna wa aikin ɗansa na makaranta.

"Ta yi kyau. Amma me ya sami ƙafarta, baiwar Allah?"

Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta koma kan allon. Na ga lokacin da murmushin ya sauka.

"Wace ce wannan, Blagoy?"

"Ke ce."

"Ni?"

"Tafiyarki ce. Yadda kike dawowa daga kasuwa, ina hango ki ta taga."

Ta bi matar da ido har ta sake ratsa gadar. Sannan ta ce, a hankali, "Haka nake tafiya? Kamar agwagwa?"

"Ba agwagwa ba ce, Nevena, ita ce..."

"Rumi, ke ki gaya min. Haka nake tafiya?"

Ina da baki, kowa ya sani, amma ranar nan ya ƙi min amfani. Na ce, "Haka kike, ƙawata. Ai da ita muke gane ki."

"Kuke gane ni." Ta yi wata dariya mara daɗi. "Duk garin nan kuke gane ni. Ranar aurena ma haka na shiga coci, a gaban mutane? Na sa dogon takalmi ina jin ba kamata, ashe ana kallon ƙafa tana shara. Ku biyun nan kuna gani, ba wanda ya taɓa ce min uffan."

"Ba abin faɗa ba ne," in ji Blagoy. "Ni ita na fara so, kafin ma na ga fuskarki."

"Kai ka so. Ni fa?" "Kullum in na kwanta mafarkin tafiya nake yi, Blagoy. A miƙe nake tafiya, kamar kowa. Shi kaɗai ya rage min. Yanzu ka zo ka sa min wannan a ido."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauko mata ruwa, ta ture. Ta goge hancinta da hannun da ke aiki, ta nuna allon.

"Kana iya gyara ta?"

"Nevena..."

"Ka iya doki, ka iya komai. Gyara min ita. Ina so in ga kaina ina tafiya daidai, ko sau ɗaya."

Ya dube ni kamar ni ce zan cece shi. Me zan ce? Ƙafarta ce. Ya ja kujera ya zauna, ya buɗe ƙasusuwan zanen, layukan motsin suka bayyana. Aikin da ya ci masa hunturu, gyaransa bai kai shan kofi ba. Ya jawo ƙafar hagu ya mayar da ita layi. Ya ɗago kafaɗar. Da ya zo kan karkatar kan sai ya tsaya, hannunsa a kan linzami.

"Har da shi," ta ce.

Ya miƙar da kan. Ya danna. Wata mata ta ratsa gada da kwando, tsaf, ba za ka ce ga aibunta ba. Ban san ta ba. Ba wanda ya san ta.

Nevena ta jingina, hawaye na zuba, tana murmushi. "Yauwa. Ka gani? Wannan ce ni."

"Ke ce," in ji shi.

"Waccan kuma kada ka ajiye ta. Na san halinka, ba ka yar da ko tsohon tikitin mota. Kana da ita a wani wurin, ko?"

Da ni ce da na yi ƙarya, wallahi da na yi, har in rantse a kai. Blagoy bai iya ba. Ya zaro wayar daga aljihu. Ta miƙa hannu, ya ba ta. Da babban yatsa ɗaya ta bi bidiyoyin da ya ɗauka, ta gaba, ta baya, ta gefe, ta goge, ta shiga kwandon sharar wayar ta sake gogewa. Ta miƙa masa abarsa, ta riƙe hannunsa ta sumbata.

"Sake kunna min," ta ce.

Ya kunna. Ita tana kallon allo, shi ya rufe ido. Na tsaya a bayansa ina jira. Ya daɗe a haka, goshinsa a tattare, leɓensa na motsi. Da ya buɗe ido sai ya juyo ya dube ni, ya yi ƙasa da murya don kada ta ji.

"Yaya, ƙafar ce take fara fita, ko kafaɗar ce take fara sauka?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, na tarar ni ma ban sani ba.