Lauwalin Rumbu

Lauwali na durƙushe yana dulmiya tiyub cikin kwanon ruwa don ya gano inda ya huje, sai masinjan dagaci ya tsaya a kansa ya jefa masa ambulan a cinya. Ranar kasuwar Gwiwa ce, kekuna huɗu na jingine suna jiran faci.

"Takarda ce daga Kano, an rubuta Lauwali Kaumi," in ji masinjan. "Ni dai ban sani ba ko na boko ake nufi ko na rumbu."

Masu kekuna suka bushe da dariya. Lauwali bai ko ɗago ba. Shekara goma sha biyu ke nan ana yi masa wannan tsiya, har yau kuwa ba ta daina yi masa ciwo ba.

Duk garin an san labarin. Bayan samun mulkin kai da shekara guda aka aiko wa dagaci ya ba da yara a sa su makarantar boko. A lokacin ba mai son a taɓa nasa, gani ake yaron da aka ɗauka ya tafi ke nan, ba gona ba allo. Dagaci ya ba da sunan Lauwali, ɗan farin Malam Kaumi. Ranar da aka zo kwasar yara, uwarsa Inna Fatu ta sunkuce shi ta zura a rumbun gero ta rufe, ta jawo hannun Halliru, marayan da suke riƙo, ɗan marigayi Abatcha ƙanin mijinta, ta ce ga Lauwali nan. Daga ranar Halliru ya zama Lauwali Kaumi a takarda. Mai sunan kuwa ya fito daga rumbu yana susar ƙaiƙayi, da laƙabin da ya bi shi har ya yi gemu.

To, boko ya karɓi Halliru. Ya wuce sakandare a Kazaure, bana har an naɗa shi shugaban ɗalibai. Hutun da ya wuce aka ɗauke shi koyon aiki wurin masu gina madatsar ruwa, ya dawo da agogo a hannu. In ya zo gida dattawa har matsa masa suke a tabarma ya karanta musu jarida, alhali Lauwali ba a tunawa da shi sai taya ta sace. Amma ba agogon ne ya fi cin ransa ba. Inna Fatu ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, daga "kai" sai "wancan". Yanzu kuwa sai ta buɗe baki a tsakar gida ta ce wa maƙwabta "Lauwalinmu na makaranta", ko gezau. Sunan da ya girma bai ji shi a bakinta ba, ga shi yana fita da daɗi, amma ba shi ake nufi ba. Ƙyashi yake ji, ya kuma san ƙyashi ne.

Ya bar kekunan ya nufi rumfar Malam Daudu, wani mai rubuta wa mutane wasiƙa da ke zuwa daga Babura ranar kasuwa, wanda bai daɗe da fara zuwa ba, bai san kowa a garin ba. Malam Daudu ya gyara tabarau, ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya fassara. Gwamnati ce ta zaɓi Lauwali Kaumi cikin waɗanda za ta ɗauki nauyinsu su je ƙasar waje karatun injiniya. Ana nemansa a Kano jibi da safe, ya zo da shaidar wani babba na gidansu, wanda zai sa hannu gaban shugaban makaranta cewa sunan da asalin duk na ɗalibin ne. Wanda bai zo ba, a ba na bayansa. Mako uku takardar ta yi a hanya.

Malam Daudu ya miƙe tsaye ya kama hannun Lauwali da hannu biyu yana yi masa barka, yana ɗan satar kallon baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa. Lauwali bai gyara masa ba. Ya tsaya ya sha barkar nan tas, don tun da yake ba wanda ya taɓa miƙe masa tsaye. Sai da zai tafi ya tambaya, kamar da wasa, in aka gano sunan ba na mutum ba ne fa? Malam Daudu ya ce ai magana ta ƙare, sokewa za a yi.

Ke nan hanya biyu gare shi, ko ya yi magana ko ya yi shiru, kowacce ta isa ta hana Halliru tafiya. Malam Kaumi ya rasu bara waccan, shi ne babban gida yanzu. Ya zaɓi shirun don ya fi sauƙi. Ya shiga gida da azahar, ya taka dutse ya ɗaga murfin rumbun nan dai, ya saki ambulan ta faɗa can ƙasa tsakanin dammunan gero.

Yana saukowa ya ga Inna Fatu a ƙofar madafa da faifai a hannu. Ta tambaye shi me yake nema a rumbu da ranar kasuwa. Bai yi niyyar cewa komai ba, maganar ce ta ƙwace.

"Inna, me na yi miki kika saka ni a nan?"

Ta dube shi ta ce, "Kai ne nawa. Wa zan ɓoye in ba kai ba?"

"Da kin rage son, da yanzu ni ma mutum ne."

Ta ajiye faifan. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ba shi haƙuri ba. Cewa ta yi shi kwana ɗaya ya yi yana susa, Halliru kuwa wata guda ana zane shi a makaranta don in an kira suna ba ya amsawa. Da ya zo hutun farko ta ga shatar bulala a bayansa, ya tambaye ta ko in ya gama za a mayar masa da sunan babansa. Ta ce masa eh. Tun ranar take kiransa da sunan nan da ƙarfi, don ya saba, a daina dukansa.

"Ban san abin da ka jefa ciki ba," ta ce, ta ɗauki faifanta. "Amma rumbun nan ya ishe ni haka."

Lauwali ya tsaya a rana har inuwarsa ta matsa. Ƙyashin bai tafi ba, yana nan daram. Sai dai ya tuɓe riga ya haura, ya zura ƙafafu, ya lalubo takardar. Ya fito yana susa kamar wancan karon.

Ya taka keke zuwa Kazaure, ya isa bayan la'asar, wuyansa duk ya yi ja. A hanya ya tsara maganar da zai yi gaban shugaban makaranta, ya rushe, ya sake tsarawa. Halliru ya fito cikin fararen kaya, ƙananan ɗalibai na darewa suna ba shi hanya. Da ya hango Lauwali sai ya rusuna ya ce, "Yaya, lafiya?" Lauwali ya miƙa masa takardar, ya karanta a tsaye. Da ya zo wurin shaidar sai ya kasa haɗa ido da shi.

A ofis shugaban makaranta ya yi murna ƙwarai, ya sa akawu ya ɗauko fom da tawadar dangwale. Akawun ya tambayi Lauwali ko ya shaida wannan shi ne Lauwali ɗan Malam Kaumi na Gwiwa. Ya ce ya shaida.

"Kai kuma sunanka?"

Halliru ya zuba wa takalmansa ido. Lauwali Kaumi, kalma biyu ce kawai, kuma gaskiya ce, ba wanda zai ce Lauwali ya yi ƙarya in ya faɗe ta. Ya ji ta ta hau har kan harshensa.

"Halliru," ya ce. "Halliru Abatcha."

Akawu ya rubuta, ya kama babban yatsansa ya danna a tawada ya danna a takarda.

A bakin ƙofa Halliru ya riƙe kan keken, idonsa ya kawo ruwa, ya fara cewa in Allah ya dawo da shi lafiya. Lauwali ya cire masa hannu a hankali.

"Kai dai in an kira a can, ka amsa da wuri."

Ya hau kekensa ya kama hanyar Gwiwa, inda kekuna huɗu ke jiransa. Tawadar nan ta kwana uku a yatsansa, ko kananzir bai fitar da ita ba.