Gurun Mailafiya da Ƙaramar Bindiga

Duk wanda bai san Baba Mailafiya ba a Tsohon Birnin Gwari, to bai daɗe da saukowa daga mota ba. Sau bakwai 'yan bindiga suna buɗe masa wuta, sau bakwai yana dawowa da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu sai wanda ƙaya ta yi masa. Bai taɓa zama a aji ba, da babban yatsa yake sa hannu, amma dajin Kamuku ya san shi kamar tsakar gidansa. Sirrin kuwa shi da bakinsa yake faɗa wa duk wanda ya tsaya gaishe shi. Wani guru ne a ƙugunsa, ɗamarar fata cike da layu, gadon kakansa. Bindigar da aka nuna wa mai wannan guru ba ta tashi, sai dai ta yi ƙas ta yi shiru.

Shekara shida ke nan da gudowarsu daga ƙauyensu, wata 'yar unguwa a bayan Gwaska. Matarsa Asibi tana can, kwance a gindin ɗorawar gonarsa, zazzaɓi ya ɗauke ta kwana tara kafin harin da ya tashi unguwar. Tun daga lokacin bai sake ganin kabarin ba. Amma kullum bayan azahar, in ya jingina a zauren 'yarsa Jamilatu, gyangyaɗi kan kai shi can. Sai ya ga dawa ta yi tsawo tana kaɗawa ba tare da iska ba, ya ga Asibi zaune a kan turmin da aka kifar, da allura da jan zare a hannunta, tana jiran ya kwance gurun ta gyara masa ɗinki kamar yadda take yi kowace damina. Da ya miƙa hannu sai ƙarar babur ta farkar da shi.

A shekarar da aka yi sulhu da mutanen daji, aka ce manoma su koma gonakinsu, da sharaɗin kada kowa ya ƙetare rafin da ke kan hanyar gonakin da makami. Mailafiya ya ji, ya gyaɗa kai, ya ce zai tafi da ruwan shuka. Amma a ransa bai yarda ba. Doguwar bindigarsa ta toka, wadda yake kira Gwaggo, ta fi shi tsawo, ba rigar da za ta ɓoye ta. Saboda haka wata safiya ya sa babbar rigarsa ya nufi maƙerar Elnathan.

Elnathan mutumin kudancin Kaduna ne, ya tsufa a garin yana ƙera fartanya yana gyara wa maharba bindigoginsu. Shekara talatin suna tsokanar juna, tun Mailafiya yana kawo masa Gwaggo gyara daga ƙauye. Da ya ji ƙaramar bindiga tsohon ya zo nema, sai ya ajiye guduma ya ce ashe mai rai bakwai ma yana jin tsoro. Mailafiya ya ce ba tsoro ba ne, ado ne, namiji ba ya tafiya ziyara hannu sake. Elnathan ya yi ƙoƙarin hana shi, ya tuna masa da sharaɗin, ya ce shi ma ya daina wannan aikin tun da aka yi sulhu. Da ya ga tsohon ya zauna a kan kututture ya miƙe ƙafa, ba shi da niyyar tashi, sai ya shiga ciki ya fito da wani tsumma, ya kwance shi a ƙasa. Ƙananan bindigogi uku ne, waɗanda masu su suka kawo gyara suka gudu ba su dawo ba.

To, nan aka ga zaɓe irin na wanda ya san abu. Mailafiya bai dubi kyau ba. Ya ɗauki ta farko, mai baki biyu, ya soke ta a ƙugu ya saki riga, ya yi taku goma. Nauyinta ya ja wandonsa har sai da ya kama tazuge da hannu. Elnathan ya ce wannan kam za ta kore masa ɓarayi, don dariya za ta kashe su. Ta biyu kyakkyawa ce, ƙotarta ta maɗaci tana sheƙi, har tsohon ya tsaya yana shafa ta yana ganin kansa a gindin ɗorawa, riga tana kaɗawa, dukan dajin ya yi masa shiru. Amma da ya soke ta ya sunkuya kamar mai ruku'u, sai ƙotar ta turo rigar ta baya kamar ƙaho. Ya ce bindigar da za ta tona masa asiri a sahun sallah ba abokiyar tafiya ba ce.

Ta uku baƙa ce, mummuna, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba. Ya soke ta gefen gurun. Ya tsuguna, ya miƙe, ya durƙusa, ya hau kututture kamar mai hawa babur, ya ɗaga hannu biyu sama. Ba ta motsa ba, ba ta nuna ba. Ya zaro ta sau uku, ba ta sarƙe da riga ba.

"Wannan ce, Maƙeri," ya ce. "Ta yi kama da kai, amma ta fi ka riƙe sirri."

Saura gwaji, don Mailafiya ya ce bindigar da ba ta magana ranar buƙata gara sanda. Suka zagaya bayan maƙerar inda wani tsohon ramin ɗibar ƙasa yake. Elnathan ya ɗauko harsashi daga tsumman ya ɗura. Tsohon ya zaro ta daga ƙugu, ya nuna bangon ramin, ya ja kunama. Ta yi ƙas, shiru. Aka sake wani harsashin, ƙas. Aka gwada mai baki biyu, aka gwada mai sheƙi, kowacce in ya soke ta ya zaro sai ta zama bebiya.

Elnathan ya sosa kai ya ce rufin ɗakinsa yana yoyo tun bara, harsasan sun sha danshi. Mailafiya bai ko ji shi ba. Ya tsaya cak, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙugu, fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ba danshi ba ne," ya ce a hankali. "Gurun ne. Bai san tawa da ta wani ba. Gwaggo a kafaɗa take, nesa da shi, shi ya sa take magana. Waɗannan kuwa a jikinsa nake kwantar da su."

"Haba, Baba, fata da takarda su hana ƙarfe tashi?"

"Kai da kake zuwa coci, me ka sani a kan fata?"

Don ya rufe wa maƙerin baki, ya yi abin da bai yi ba tun rasuwar Asibi. Ya ɗaga riga ya kwance gurun, ya kai shi can nesa ya rataye a reshen marke. Masu surutu sun ce a lokacin ne Elnathan ya koma ciki ya ɗauko harsashi daga gwangwanin da ke kusa da wutar maƙera, inda danshi ba ya kaiwa. Su suka sani. Abin da kowa ya ji shi ne, da tsohon ya ja kunama baƙar ta yi tsawa, ƙasa ta zubo daga bangon ramin, kajin unguwa suka watse.

Mailafiya ya yi murmushin wanda ya ci shari'a. Amma murmushin bai daɗe ba. Ya ji iska tana shiga inda gurun yake zama, wani sanyi yana zagaya ƙugunsa. Jikinsa ya yi sakayau, kamar in aka hura shi zai tashi. Ga bindiga mai magana a hannunsa, ga guru can yana lilo a reshe, kuma ya gane ba za su zauna a ƙugu ɗaya ba. In ya ɗauki ɗaya sai ya bar ɗaya.

Ya zauna a bakin ramin. Hayaƙin albarushi bai gama bajewa ba, yana tafiya a hankali a kan ciyawar da ruwan jiya ya jiƙa, ƙasa kuma tana fitar da tururi. A cikin wannan farin abin ya ga hanyar Gwaska ta miƙe, ya ga kansa a kanta da baƙar a ƙugu, yana tafiya ba ya taɓa ƙasa. Ya iso ɗorawar. Asibi tana kan turminta, ta miƙo hannu da allura kamar kullum. Ya ɗaga riga, ba abin da zai ba ta sai ƙarfe. Ta dubi ƙarfen, ta dube shi, ta soma naɗe zarenta.

Ya tashi ya je marken ya sauko da gurun. Jan zaren nata yana nan a jikin fatar, ya koɗe amma bai tsinke ba. Ya ɗaura, ya miƙa wa Elnathan bindigar ta ƙota.

"Riƙe abarka. Na zaɓa."

"Duk wahalar nan, Baba, ka zaɓi abin da ka zo da shi?"

Tsohon ya ce ai shi ya sa ake gwaji.

Bayan kwana biyu ɗan acaba ya kai shi iyakar inda hanya ta yarda, ya ƙarasa da ƙafa, fartanya a kafaɗa, irin dawa a buhu. Da hantsi ya iso rafin. A ƙetare, ƙarƙashin wata kaɗanya, mutane biyar suna zaune, shanu suna kiwo a bayansu. Gabansa bai faɗi ba, ko da ya faɗi ba wanda ya ji. Ya naɗe wando ya shiga ruwan.

Babbansu ya taso, dogo mai furfura, sai Mailafiya ya gane shi. Modibbo ne, makiyayin da a da yake kawo garkensa su kwana a gonarsa bayan girbi, su bar masa taki. Modibbo ya buɗe hannu ya rungume shi, yana tambayar iyali, yana tambayar bayan rabuwa. Rungumar ta yi tsawo. Mailafiya ya ji tafukan mutumin suna sauka daga kafaɗunsa zuwa haƙarƙari, daga nan zuwa ƙugu, a hankali, ba tare da gaisuwar ta yanke ba. Ashe haka ake yi wa manya a wannan mashiga, ba a ce musu ɗaga riga, don kada a ci musu fuska. Hannun ya tsaya a kan wani abu mai tauri.

Modibbo ya latsa, ya sake latsawa, sannan ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Har yanzu wannan tsohuwar igiyar, Mailafiya?"

"Ita ce ta kawo ni gabanka, Modibbo."

Suna tafiya tare zuwa bakin gona, Modibbo ya gaya masa cewa shekaranjiya an sami wani da ƙarfe a cikin riga. Ba a taɓa shi ba, amma an mayar da shi, kuma mutanen unguwarsu duka ba za su yi shuka bana ba. Mailafiya ya ce Allah ya kyauta, wasu mutane ba su da tunani.

Gonar ta zama saura, ciyawa har ƙirji, amma ɗorawar tana nan, ta ƙara faɗi. Ya nome kabarin da fartanya, ya gyara duwatsun, ya yi addu'a. Sannan ya jingina da gindin itacen, inuwa tana yawo a kan ƙafafunsa, wata kurciya tana kuka can ciki. Ya kwance gurun ya ajiye a gefen kabarin, iskar ta shiga ƙugunsa, wannan karon ba sanyi. Ya gaya wa Asibi cewa ya zama sau takwas, kuma na yau ko harbawa ba a kai ga yi ba. Ya nuna mata inda ɗinkin ya soma saki.

Gyangyaɗi bai zo ba, bai kuma neme shi ba. Da rana ta ɗan karkata ya mayar da gurun, ya kwance bakin buhu, ya soma sara daga gindin ɗorawar yana nufar gabas.